Sarƙa Huɗu da 'Ya Ɗaya

Duk wanda ya taɓa kai yaro lambun shaƙatawa na bakin babban titi ya san Da-wuya, ko da bai san ya san shi ba. Shi ne dattijon nan siriri mai hula da maiƙo ya cinye, wanda ke tsaye gindin lilo, hannu ɗaya a kan makunni, kai a ɗage sama. Lilon nasa ba irin na igiya ba ne da ake ɗaurawa a reshen bishiya. Dogon ginshiƙi ne na ƙarfe, a samansa wata ƙatuwar laima ita ma ta ƙarfe, kujeru na reto a kewayenta da sarƙoƙi. In aka kunna inji sai laimar ta fara juyawa, kujerun su baje su tashi sama da 'ya'yan mutane, ihu ya cika wuri.

Sunan kuwa iyaye mata ne suka laƙaba masa. Uwa za ta zo da ɗanta, ta dubi sarƙa, ta dubi tsayin abin, ta ce, "Malam, ba dai zai tsinke ba ko?" Da wani ne sai ya bugi ƙirji ya ce har abada. Shi ko sai ya yi kamar mai auna wani abu a ka, sannan ya ce, "Da wuya." Kai jama'a! Mace ta zo neman kwanciyar hankali ka miƙa mata da wuya? Wasu su ja 'ya'yansu su tafi suna tsaki. Manaja ya yi faɗa har ya gaji ya bari. Shi dai bai canza ba, don a wurinsa iyakar gaskiyar ke nan, kuma tun yana saurayi aikinsa bai wuce ya sa abin ya yi wuya yau, gobe ya ƙara masa wuya ba.

Lokacin da ya fi so shi ne sassafe, kafin a buɗe ƙofa, lambu babu kowa sai mai shara can nesa da tsuntsaye. Raɓa na kwance a kan kujeru. In iska ta ɗan motsa sai sarƙoƙin su riƙa taɓa juna da wata 'yar ƙara siririya, kujerun na kai da kawo su kaɗai, ka ce waɗanda suka hau jiya ba su gama sauka ba. Sai ya kafa tsani, ya ɗauki tsumma da gwangwanin giris, ya bi sarƙa zobe bayan zobe. Ba da ido yake dubawa ba, da yatsa ne. Ya lumshe ido ya murza zobe, ya ji inda ya sirance, da inda walda ta yi kaushi, da inda tsatsa ta fara ci a ƙarƙashin fenti.

A nan saman tsani tunani ke ɗauke shi. Yakan ce kowane zobe da ƙarfin da ya zo duniya da shi, kuma ba ya faɗa wa kowa. Kowace rana ita ma da nauyin da take tafe da shi, ba ta kuma aiko da saƙo. Yau 'yar firit ɗin yarinya ce za ta zauna, kujera ba ta ma san an hau ta ba. Gobe wani ƙaton uba ne zai ce shi ma sai ya ɗana, ya zauna da tumbinsa yana washe baki. Jibi yaro ne marar ji, mai murɗa sarƙa yana harbin iska. Ga guguwa mai zuwa ba sallama, ga ruwan makon jiya da ya kwana a cikin walda. Babu ɗaya cikinsu da zai tsinka ƙarfe shi kaɗai. Amma akwai wata rana, tana can tana yawo cikin kwanaki, da ƙaton uban da iskar da tsatsar za su haɗu a kan zobe mafi rauni, a lokaci ɗaya. Wani sa'in har ganinta yake yi a ransa, ranar nan, tafe take a hankali daga nesa kamar baƙuwa mai neman gida, tana tsayawa tana tambayar hanya. Ba shi da ikon hana ta tafiya. Iyakarsa ya riƙa matsar mata da gidan gaba, da tsumma da giris.

Ƙarfe, in ji shi, shekarunsa kashi uku ne. Sabo yakan mutu da ciwon da aka haife shi da shi, tsoho gajiya ke kashe shi, na tsakiya ne kaɗai ba ya faɗuwa sai tsautsayi. Shi ya sa ya kafa wa kansa doka. Kowace kujera sarƙa huɗu gare ta, kuma bai taɓa canza huɗun rana ɗaya ba. Ɗaya-ɗaya yake yi, da tazara mai nisa, kuma ba daga naɗi ɗaya yake yankowa ba, don kowace kujera ta zama cikakken gida, da tsoho da magidanta da yaro. In yaron ya zo da lahani manya su riƙe, in tsohon ya gaza ga na bayansa. Sabuwar sarƙa kuma ba ta ɗaukar ɗan mutum sai ta sha juyi da buhun yashi tukuna. Zobe ya buɗe masa a tsawon aikinsa, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Amma kullum ukun sun riƙe, yaro ya sauko yana dariya bai ma san an yi ba.

To ga inda gizo ke saƙar. Da-wuya 'ya ɗaya Allah ya ba shi, bayan dogon jira, daga ita kuma shiru. Unguwa na kiranta Tilo, shi kuma Uwata yake ce mata. A gindin lilon nan ta yi wayo. Mai ɗakinsa kan kawo masa abincin rana da yarinyar a goye, da ta tasa kuma a hannu. Sai ta zauna a kan kifaffen bokiti, haɓa a tafin hannu, kanta na bin kujeru suna zagayawa har sai jiri ya ɗebe ta.

"Baba, yau zan hau?"

"Sai kin ƙara girma, Uwata."

Ta ƙara girma.

"Baba, yau fa?"

"Yau da iska. Bari ta kwanta."

Iska ta kwanta, wani uzurin ya tashi. Mai sayar da tikiti, wata mace mai baki kamar reza, takan leƙo ta tagar ɗan ɗakinta ta ce, "Oh ni! Wanzami ba ya son jarfa. Malam, bar yarinyar nan ta sha iska mana, ko cinye ta lilon zai yi?" Ran da matar ta matsa masa sai ya ce mata, ba tare da ya sauke kai daga kallon sama ba, "Kujera sarƙa huɗu gare ta. Ni ɗaya gare ni." Ta ja tagarta ta rufe.

Ran da abin ya ɓaci, makarantar su Tilo ce ta kawo 'yan aji yawon buɗe ido. Yara suka yi layi da kayan makaranta, malama na ƙirga kawuna. Tilo ta saje cikinsu, ta sunkuyar da kai, ta hau wata kujera ta ɗaure ɗamara da kanta. Da-wuya yana zagayawa yana jan ɗamarar kowa kamar yadda ya saba, sai ya tarar da ƙafafun da ya sani. Ya kwance ɗamarar, ya ɗauke ta cak, ya dire ta a ƙasa a gaban 'yan ajinsu kaf. Wani yaro ya sheƙe da dariya, saura suka ɗauka. Ita ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Malama ta miƙa mata jakunkunan 'yan ajin ta riƙe, ta tsaya rungume da su, ƙawayenta na wucewa ta saman kanta suna kiran sunanta. Tun daga ranar ba ta ƙara taka lambun ba.

Kada wani ya ce ta yi masa rashin kunya, ko kusa. Ta girma, ta yi karatu, ta zama malamar makaranta ita ma, ta yi aure ta haifi ɗa namiji. Tana zuwa gida ta gaishe shi da ladabi, ta kawo masa lemo da maganin ciwon gwiwa, ta tambayi jikinsa. Amma daga gaisuwa sai ta shige ɗakin uwarta, can ne zai jiyo dariyarta ta bango. Shi yana zaune a tsakar gida yana goge filaya da ba ta buƙatar gogewa. Abin yana cinsa, wallahi yana cinsa, shekara da shekaru, bai kuma san ta inda zai kama shi ba. Mutumin da ke jin tsagewar da ido ba ya gani a jikin ƙarfe, ga ta ƙatuwa a gidansa ya rasa yadda zai yi da ita.

Ana nan tsufa ya zo ta inda ya fi tsoro. Yatsunsa suka fara mutuwa, ya taɓa abu ya ji kamar ta cikin safar hannu. Wata safiya idonsa ya kama wani zobe da ya sirance, wanda yatsansa ya riga ya wuce ya ce lafiya lau. Ya daɗe a kan tsanin yana kallon hannunsa. Da ya sauko, da ƙafarsa ya je ofishin manaja ya ce a nemi wani, shi ƙarshen wata zai ajiye.

A makon ne Tilo ta zo gida. Uwarta ta ba ta labari, sai ga ta ta fito tsakar gida ta ja kujera 'yar tsuguno ta zauna kusa da shi, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

"Baba, an ce za ka ajiye aiki."

"Hannu ya ƙi, Uwata."

Ta murza bakin mayafinta. Can ta ce, "Jikanka keke yake so. Babansa ya sayo masa, na sa aka kulle a ɗaki. Na ce titi da motoci, na ce sai ya ƙara girma. Shekaranjiya na leƙa ta taga na gan shi zaune a dakali, yaran layi suna wucewa a kan nasu, shi yana riƙe musu takalma." Ta dube shi. "Na san zaman nan, Baba. Ni na yi shi. Ban san na ɗauko tsoronka na tafi da shi gidana ba."

Da-wuya ya sunkuyar da kai.

"Ina so in hau lilon nan kafin ka bar shi," in ji ta. "Kuma kai nake so ka kunna."

Daga bakin ƙofa mai ɗakinsa ta ce, "Malam, ka ji fa. Kada ka ce min da iska."

"Ki zo ranar ƙarshe da sassafe," ya ce, "kafin a buɗe ƙofa."

Daga nan fa mutumin ya shiga wani hali, rabi farin ciki rabi zazzaɓi. Ya zaɓi kujera ɗaya ya sauke ta, ya kankare ta tas, ya shafa mata sabon fenti ruwan ganye, ya sa aka ɗinka mata sabuwar ɗamara. Da ya zo kan sarƙoƙinta sai ya ga sun dushe, duk gumin hannun yara da dattin shekaru. Zuciyarsa ta ce, a kan wannan za ka ɗora Uwarka? Ya tafi shagon mai ƙarafa. Can kuwa ga wani sabon naɗin sarƙa an sauke, yana ƙyalli, zobba sumul kamar an lashe su. Ya shafa da yatsun nan nasa da ba sa ji, ya ji santsi, ya ce a yanka masa huɗu.

Huɗu! Daga naɗi ɗaya, rana ɗaya! Haba Da-wuya, kai da bakinka ka hana wannan, ka yi shekaru kana hanawa. Da wani sabon ma'aikaci ne ya yi, da ka kore shi da sifana a hannu. Amma so ya rufe masa ido. Abin da bai taɓa yi wa ɗan kowa ba don ya san haɗarinsa, shi ya yi wa tasa, yana murna, yana 'yar waƙa a hanci. Ya rataye kujerar a cikin 'yan'uwanta, tana walƙiya ita kaɗai, ya ja baya yana kallonta har rana ta faɗi.

Ranar ƙarshe ya riga mai shara zuwa. Gari ya yi luf, gajimare ya sauko ƙasa-ƙasa, fitilun titi ba su gama mutuwa ba. Saura kaɗan ya bar gwajin yashi, don kada buhu ya ɓata fenti. Sabawa ce kawai ta ja ƙafarsa zuwa inda buhunan suke. Ya shimfiɗa tsumma a kujerar, ya ɗora buhu biyu, nauyin babban mutum, ya ɗaure, ya kunna.

Laima ta fara juyawa. Kujeru suka baje babu kowa a kansu, suna iyo cikin farin sararin nan shiru, sai gunjin inji can ƙasa-ƙasa. Koriyar kujera ta zo ta wuce, ta sake zuwa ta wuce. Yana kallonta yana ganin yarinya a kanta, 'yar ƙarama da kayan makaranta, kitso biyu na tashi a iska, har ya fara murmushi.

Sai ya ji ƙas.

Zobe ɗaya ya buɗe a bakin walda. Nauyin ya faɗa kan sarƙar da ke kusa, ita kuwa uwa ɗaya uba ɗaya suke, ciwonsu ɗaya. Kafin ya kai hannu ga makunni ita ma ta tafi. Kujerar ta kife, ɗamara ta zame, buhunan suka yi sama suka daki shingen waya suka fashe. Yashi ya daɗe yana zubowa a kan ciyawa bayan inji ya mutu.

Ya zauna a ƙasa daɓas. Da ya ɗago kai sai ga Tilo tsaye a bakin shinge, da jakarta a kafaɗa. Ta gani, duka ta gani.

"Kin gani ko?" in ji shi. "Kin ga abin da nake gudu? Da ke ce a kai. Je ki gida, Uwata. Na roƙe ki, je ki gida."

Ta shigo a hankali, ta tsallake yashin, ta kama guntun sarƙar da ke reto ta duba. "Wannan sabuwa ce."

"Sabuwa ce. Huɗun duka."

"Tun ina kan bokiti nake jin kana cewa ba a yin haka."

"Ba a yi," ya ce. "Don ke na yi." Ya rufe fuska da hannu. Garin neman gira ya tashi rasa ido, kuma ya san babu wanda zai ɗora wa laifi.

Tilo ta bi kujerun ɗaya bayan ɗaya tana taɓawa, har ta tsaya a kan wata da fentinta ya koɗe, an kankare suna a bayanta da ƙusa, ga busasshen cingam manne a ƙasanta. Sarƙoƙinta huɗu babu biyu masu launi ɗaya.

"Wannan fa? Wa ya hau ta jiya?"

"Wata 'yar yarinya. Da wani yaro mai ƙiba bayanta."

"Suna da iyaye?"

Ya sauke hannu daga fuskarsa ya dube ta.

"Baba, a cikin waɗanda ka ɗora duk shekarun nan, nawa ne su ma su kaɗai ne a wurin iyayensu? Ka taɓa tambaya? Ka ɗaure su ka kunna, suka sauko lafiya, saboda aikinka mai kyau ne. Ni kaɗai ce ka hana aikinka." Ta ajiye jakarta a ƙasa. "Ba na son kujerar da aka yi don ni. Ta 'ya'yan mutane nake so."

Ta zauna. Babbar mace, malamar makaranta, uwar wani, gwiwoyinta sun kusa taɓa haɓarta a 'yar kujerar yara, ta tattare mayafi ta cusa a ɗamara.

Ya daɗe kafin ya tashi. Ya kafa tsani ya sauke karyayyar kujerar, ya zagaya ya sauke wadda ke fuskantarta don nauyi ya daidaita. Ya zo kan tata, ya bi sarƙoƙin huɗu da ido, ya bi su da yatsa, ya sake bi. Babu abin da ya rage da zai duba, ya san haka, ita ma ta sani. Ya ja ɗamararta sau ɗaya kamar yadda yake ja wa kowa. Tsoro bai tafi ko'ina ba, yana nan cike da cikinsa, da shi ya taka zuwa makunni, da shi ya danna.

Ƙafafunta suka bar ƙasa. Zagayen farko ta ƙanƙame sarƙa, ido a rufe, baki a ɗinke. Na biyu ta buɗe ido. Kujerar ta baje ta yi sama, ta wuce saman shinge, saman bishiyoyi, mayafinta ya kumbura da iska. Sai ya ji wani ihu siriri wanda rabonsa da ji tun tana 'yar mitsitsiya yana cilla ta sama a tsakar gida.

"Baba! Baba, ina ganin rufin gidanmu!"

Wani abu baƙi ya rabu da kujerar, ya yi sama, ya faɗo tim a gabansa. Ya ɗaga kai, sarƙa huɗu cif, tana kai tana ƙyalƙyala dariya, ƙafa ɗaya ba komai. Takalminta ne.

Ya sunkuya ya ɗauka. Takalmin aiki ne baƙi, dunduniyarsa ta cinye ta gefe ɗaya, da sauran ɗumin ƙafarta a ciki, har yatsunsa matattu suka ji. Mai tikiti da ta iso a lokacin ta tsaya a bakin ƙofa da makulli a hannu.

"Malam," ta ce, a hankali yau, "lokacinta ai ya cika."

"Bar ta," in ji shi. Ya rungume takalmin a ƙirji, hawaye na bin gemunsa, ya janye hannunsa daga kan makunnin.